Akushin Tsohon Gwanin Noma

A ƙasar Malumfashi da Ƙafur da Bakori, kafin garmar shanu ta zama ta kowa, kafin maganin feshi ya rage wahalar noman firi, babban filin gwada ƙarfin namiji a bainar jama'a shi ne gonar gayya. Mai gona zai raba goron gayyata, ko kuma saurayi ya tattaro abokansa su je su yi wa surukinsa huɗa. Ranar da aka sa, kowa ya zo da garmarsa ya tsaya a bakin kunya, makaɗi ya rataya gangar noma ya biyo bayansu yana kiran gwanaye da sunan iyayensu. Mutum ya duƙa, ya sara, ya ɗago ƙasa mai nauyin laka ya kifa, ba ya miƙewa sai ya fita kunya, kuma wanda ya riga fita shi ake yi wa guɗa. Da rana ta take, 'yan mata su iso da ƙoren fura da nono a kai, ludaya na reto a ciki, daga baya tuwon dawa da miyar kuka su biyo. Ba a biyan kowa ko kwabo, amma mai gayyar da ya yi ƙwauron abinci ya san baɗi ba zai ga kowa a gonarsa ba, domin kowa ya yarda sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A cikin wannan al'ada akwai wata tsohuwar hanya ta ƙiyasta abin da jikin ƙaƙƙarfan mutum ke bukata, kuma ina ganin, a kan dattijon da bai ajiye garma ba, ta fi lissafin da aka kawo mana daga waje kusa da gaskiya, ko da yake ita ma tana da nata makantar.

Wani zai ce ai in ana maganar gwada ƙarfi, dambe da kokawa ya kamata a duba. To amma dambe, wanda asalinsa na mahauta ne da ke bin ƙauyuka da kaka bayan an kai amfani gida, wasa ne na ƙuruciya. Ɗan damben da furfura ta fara fito masa kan kwance zare ya koma raba ’yan wasa ko renon na baya, haka ma ɗan kokawa. Gasar da mai shekara 50 ko 60 zai shiga sahu ɗaya da ɗan cikinsa, har wani lokaci ya bar shi a baya saboda ya fi shi sanin yadda ake ajiye numfashi, ita ce ta noma. Kuma tana da kambunta. Sarautar Sarkin Noma a tsohuwar al'ada ta wanda ya tara dami dubu ce, abin da ba ya samuwa ga saurayi, sai magidancin da ya daɗe yana jan gandu. A manyan gidajen Maguzawan wannan yanki, irin waɗanda masanin nan Murray Last ya zauna a cikinsu a farkon shekarun 1970, darajar mutum tana rataye ne da yawan rumbunansa da kuma ƙarfin da yake fita da shi gona. Saboda haka in ana neman dattijon ɗan gasa a kudancin Katsina, ga shi nan a bakin kunya.

Yadda gidan gandu ke ciyar da irin wannan mutum ba ya bin shekaru. Maigida ne ke riƙe da rumbu, shi ke fitar da dami ko ya auna hatsi da mudu ya ba matar da ke da girki, kuma awon yana tafiya da lokaci. Da rani, in aiki ya yi sauƙi, ana tsuke hannu, wasu mazan ma su tafi cin rani don a rage wa rumbu baki. Akwai rumbun da ba a taɓawa sai ruwa ya sauka, domin a lokacin ne ake kai abinci gona, kuma akushin mai huɗa ya fi na mai zaman gida cika, ko ɗan shekara nawa ne. Tambayar ita ce wane aiki ke gabansa yau, kuma wane wata ake ciki. Awon zamani ya gaskata wannan rabo. A 1981 Thierry Brun da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon awon da suka yi wa manoma maza a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, masu noman dawa da gero da hannu kamar namu. Sun samu cewa da rani mutum kan ƙona kalori wajen 2,410 a yini, da damina kuwa wajen 3,460. Kilo ɗaya na dawa yana ɗauke da kalori kusan 3,400, ke nan da hatsi kaɗai za a ci, bukatar mutum ɗaya za ta tashi daga giram 700 zuwa kilo guda tsakanin rani da damina. Babu wani bambancin shekaru tsakanin magidanta masu lafiya da ya kai wannan girma, don haka mai riƙe da mudu ya kama babban zare tun da daɗewa.

Abin da mudu bai gani ba shi ne rabon da jiki ke ci yana kwance. Kamar garwashin da aka rufe da toka ne, ba harshen wuta amma itacen na ci. Zuciya na bugawa, hanta da ƙoda na aiki, ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa, kuma ga mai zaman ofis wannan ƙonuwar ta hutu ita ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da ya ƙona a yini. Tun a ƙarshen ƙarni na 18 Antoine Lavoisier a Faransa ya nuna cewa numfashi wani nau'in ƙonewa ne, kuma yawan iskar oksijin da mutum ya shaƙa ya yi amfani da ita shi ke nuna yawan abin da ya ƙona. Har yau a kan haka awon yake: mutum ya kwana bai ci komai ba na awa 10 zuwa 12, da safe a kwantar da shi a ɗaki mai natsuwa, a kifa masa wata rumfar roba a kai ta minti 20 zuwa 30, na'ura ta auna iskar da ke shiga da wadda ke fita. Kowace lita ta oksijin tana daidai da kalori kusan 5. Namiji matsakaici kan fito da wajen kalori 1,500 a yini, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo na dawa. In aka tara na shekara ya haura buhu ɗaya da rabi, kafin a ɗaga garma ko sau ɗaya. Mai cewa tsoho ba ya aikin komai, koko ma ya ishe shi, bai sa wannan buhu da rabin a lissafinsa ba.

Da yake na'urar tana da tsada kuma ba ko'ina take ba, sai masana suka nemi hanyar ƙiyasi da alƙalami. Mafi shahara ita ce ta Arthur Harris da Francis Benedict, wadda suka wallafa a 1919 daga awon da aka yi a Boston ta Amurka a kan mutum 239, maza 136 da mata 103, galibinsu matasa, dattawa 'yan kaɗan. A ba lissafin nauyi da tsawo da shekaru, shi kuma ya ba da amsa, kuma ga namiji yana zabge kalori kusan 6.8 a kan kowace shekara da ta ƙaru. Lissafin Mifflin da St Jeor na 1990, wanda asibitoci da yawa suka koma wa, yana zabge 5. Mu ɗauki manomi mai kilo 70 da tsawon santimita 172. Yana ɗan shekara 25, Harris da Benedict za su ba shi kalori wajen 1,720. Ranar da ya cika 65, nauyinsa bai motsa ba, damtsensa na nan, yana fita huɗa, za su ba shi 1,450. An rage masa 270 don kalanda kawai, kwatankwacin tiya 11 ko 12 na dawa a shekara. A 1980 John Cunningham ya koma kan alƙaluman nan na Boston ya ga cewa abin da ya fi nuna ƙonuwar hutu shi ne nauyin jiki in an cire kitse, sai ya fitar da lissafin da babu shekaru a ciki: 500, a ƙara 22 a kan kowane kilo na jiki marar kitse. In manomin namu yana da kilo 60 na irin wannan nauyi, amsar ita ce 1,820. Mutum ɗaya, rana ɗaya, ratar kalori 370 tsakanin alƙalami biyu. Kuma ba a nan ta tsaya ba, domin wannan adadi ake ninkawa a sami bukatar yini gaba ɗaya, kuma ma'aunin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na mai aikin ƙarfi shi ne a ninka sau 2 zuwa 2.4. Kuskuren da aka fara da shi ƙarami, da damina ya zama ninki biyu.

Irin wannan lissafi ya iso ƙasarmu ne a jakar masu bincike da masu tsara ayyukan raya karkara, kuma yankin Funtua da Malumfashi ya ga rabonsa. A 1970 zuwa 1971 Emmy Simmons ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta auna abincin da ake ci a gidajen ƙauyuka uku na lardin Zazzau da ke maƙwabtaka da mu, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa aikin binciken cututtuka na Malumfashi, haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, inda su Herbert Gilles suka bi zazzaɓin cizon sauro da tsargiya, Andrew Tomkins kuma ya bi alaƙar gudawa da tamowa a ƙananan yara. A 1975 Bankin Duniya ya sa hannu a aikin bunƙasa noma na Funtua, wanda ya haɗa gundumomin Funtua da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ya cika ƙasar da takin zamani da irin masara. Hankalin waɗannan ayyuka ya tafi ga yaro da cuta da yawan buhunan da hekta ke bayarwa, kuma ba laifi ba ne, can mutuwa ta fi yawa. Amma duk inda aka zo auna ko abincin gida ya wadatar, sai a jawo jadawalin da ke ba mai shekara 60 kaso ƙasa da na mai 30, a ƙasar da dattijo ba shi da takardar haihuwa, sai dai ya ce an haife shi bayan yunwar 'Yar Gusau ko yana da wayo aka yi kaza. Gaskiya kuskuren shekara 10 bai wuce kalori 68 a lissafin Boston ba, ba shi ne babbar matsalar ba. Matsalar ita ce jadawalin ya ɗauka dattijo ya riga ya zauna, alhali a gidan gandu sau da yawa shi ne a gaban sahu.

Suka mafi nauyi da za a yi wa wannan ra'ayi shi ne cewa tsufa gaskiya ne, kuma kirari ba ya hana shi. Masu wannan suka suna da hujja. A 2021 Herman Pontzer da tarin abokan aiki sun haɗa awon mutum sama da 6,400 daga ƙasashe 29, daga jariri ɗan kwana 8 zuwa mai shekara 95, suka ga cewa bayan shekara 60 ƙonuwar jiki tana raguwa da kusan kashi 0.7 cikin 100 a shekara, ko da an yi la'akari da girman jiki. Ga kuma wata hujjar da ke rage wa damtse girma: kilo ɗaya na tsoka yana hutawa bai ƙona fiye da kalori 13 a yini, na kitse 4.5, alhali na hanta yana ƙona 200, na ƙwaƙwalwa 240, na zuciya da ƙoda 440. Kayan ciki ne masu cin rabo, kuma su ma suna ƙanƙancewa da tsufa ko mutum ya yi noma ko bai yi ba. Duk na karɓa. Sai dai a duba rabin farko na sakamakon Pontzer: daga shekara 20 zuwa 60 ƙonuwar a tsaye take in an daidaita da yanayin jiki, wato shekaru 40 ɗin da lissafin Boston ke ta zabge kalori a cikinsu, abin da yake gani mafi yawa zubewar tsoka da taruwar kitse ne na mutanen da suka daina motsi. Sa'annan a 2001 Rachael Van Pelt da abokan aikinta a Jami'ar Colorado sun gwada maza masu motsa jiki sosai, matasa da dattawa. A dunƙule dattawan sun fi ƙarancin ƙonuwa, amma da aka ware waɗanda yawan atisayensu ko yawan cinsu ya yi daidai da na matasan, sai ratar ta ɓace. Abin da wannan ke nufi shi ne jikin da ake ba aiki da yawa kuma ake ba abinci da yawa yana riƙe da ƙonuwarsa. Mai gayyar da ya ajiye wa dattijon gwani akushi daidai da na saurayi bai karanta wannan ba, amma abin da ya aikata ke nan, kuma mai yiwuwa ne cikar akushin tana cikin dalilan da suka sa gwanin ya daɗe a sahu.

Suka na biyu daga wani ɓangare yake zuwa. An daɗe ana lura cewa lissafin Turawa yana yi wa mutanen ƙasashe masu zafi ƙari ne. Lissafin Schofield na 1985, wanda hukumomin abinci da lafiya na duniya suka ɗauka, an gina shi a kan awon mutum sama da 7,000, kuma kusan rabinsu 'yan Italiya ne, da yawansu samari sojoji da aka auna kafin yaƙin duniya na biyu, masu ƙonuwa sama da ta saura. Jeya Henry ya nuna wannan karkata, har a 2005 ya fitar da sabon lissafi na Oxford daga awo 10,552, bayan ya fitar da 'yan Italiyan ya ƙara mutanen ƙasashe masu zafi. To, in lissafi ya yi wa Bahaushe ƙari saboda ƙasarsa, ya kuma yi wa dattijon gwani ragi saboda shekarunsa, ba shi ke nan an tashi canjaras ba? Ina ganin wannan dabara ce ta mai neman hutu. Kuskure biyu da ba a daidaita girmansu ba ba sa zama awo don kawai sun fuskanci juna. Ban da haka, lokacin da Amy Luke da abokan aikinta suka kwatanta 'yan Nijeriya mazauna karkarar kudu maso yamma da baƙaƙen fatar Amurka a wajajen shekarar 2000, sun samu cewa in aka yi la'akari da nauyin jiki marar kitse, ƙonuwar hutun ɓangarorin biyu ba ta da wani bambanci. Maganar ta sake komawa kan abin da ke cikin jikin mutumin, wanda sikeli kaɗai ba ya nunawa, kuma wanda idon mai gayya ke gani a kafaɗa da ƙwauri tun kafin a fara kaɗa ganga.

Kada dai a ɗauka al'adar ta fita tsaf. Awon mudu yana aiki ne muddin rumbu na da abin awo, kuma watannin da aiki ya fi tsanani, daga huɗa zuwa fitowar sabon gero, su ne watannin da hatsi ke ƙarewa a gidan talaka. Binciken da aka daɗe ana yi a karkarar Gambiya ya nuna manya suna ramewa duk damina su murmure da kaka. Saurayi kan mayar da abin da ya zube, amma dattijo in ya rasa tsoka, abin da ke dawo masa ya fi karkata ga kitse, kuma kowace damina mai yunwa tana gutsurar wani abu da ba zai dawo duka ba. Al'adar kuma ta iya ƙidaya hatsi fiye da abin da ke gina tsoka. Masana lafiyar tsofaffi yanzu suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyin dattijo, sama da 0.8 da aka saba ba kowa, kuma a wannan ƙasa hanyar samunsa ita ce nono da wake da ƙuli-ƙuli da daddawa da waken suyan da ake nomawa a nan a loda wa manyan motoci. Mahauta masu dambe sun ci wannan gajiyar tun da can saboda sana'arsu ta sa su kusa da nama. Manomin da haƙoransa suka zube kuwa akan mayar da shi kan kunu da koko, abinci mai sauƙin haɗiya amma ruwa-ruwa, a daidai lokacin da jikinsa ya fi bukatar mai gina jiki.

Babban rauninta kuwa ya bayyana ne da gonar ta sauya. Garmar shanu da Turawan gona suka fara yaɗawa tun shekarun 1930 ta karɓe huɗa, tarakta ta karɓe kaftu a manyan gonaki, feshi ya karɓe rabin noman ciyawa, ƙwadago na kuɗi ya ture gayya gefe, gandu kuma ya rarrabe. Tsohon gwani yanzu kan hau babur ya je ya duba 'yan ƙwadago ya dawo inuwa, amma girmansa a gida bai ragu ba, saboda haka akushinsa bai ragu ba, sai ma shinkafa da mai da lemun kwalba da suka ƙaru. A kan wannan mutum lissafin Boston ya fara yin daidai, domin ya zama irin dattijon da lissafin ya zata tun farko, kuma daga nan hanyar teɓa da hawan jini da ciwon suga ba ta da nisa. Ƙa'idar mai mudu ba ta ƙaryata ba, aiki da lokaci ne har yanzu ke yanke rabo, mutane ne suka bar awo da aiki suka koma awo da girma. Shi ya sa ma'aikacin lafiya a Malumfashi ko Ɗandume, wanda ba shi da na'urar numfashi, zai fi samun gaskiya in ya tambayi dattijo kunya nawa yake fita da hannunsa da kuma wata nawa a shekara yake yin haka, kafin ya tambayi shekarunsa. Sa'annan ya ɗora shi a sikeli a watan Mayu, ya auna kaurin damtse da ƙwauri da tef, ya maimaita a Oktoba. Likitoci suna ɗaukar zubewar kashi 5 cikin 100 na nauyi cikin wata 6 zuwa 12 ba da niyya ba a matsayin alamar da ake bi, kuma ga mai kilo 70 wannan kilo 3 da rabi ne.